Kwamfutar da Ba Ta Ganin Faifanta da Safe

Wasu shekaru can baya na taɓa yin aikin kwamfuta. Ku gama dariyarku, ina jira. Ni ɗin nan dai da kuka sani, mai kayan gwanjo a Gyaɗi-Gyaɗi, wanda ya bar firamare tun ba a je ko'ina ba. Hedimasta bai kore ni ba, ni ma ban yi masa sallama ba. Mun dai fahimci juna.

Sana'ata ita ce duk abin da ofis ya gaji da shi in saye. Fanka, firinta, kujerar da ta rasa ƙafa, agogon bango da ya yi zuciya. A bayan shagon kuwa tsofaffin kwamfutoci ne jibge, irin masu akwatin ƙarfe da in ka ɗauki ɗaya sai bayanka ya ba ka labari washegari. Na daɗe ina cewa zan kwance su in auna wa 'yan jari-bola. Lalaci ne ya hana ni, ba hangen nesa ba.

'Yata ta fari ita ta yi karatun da ban yi ba. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Kwamfuta ta karanta, ta yi aure, miji ya tafi da ita Gombe. Allah ya jarrabe ta da ɓari, ba sau ɗaya ba. Da ta sake samun ciki sai likita ya ce ta zauna a gida, ban da ofis, ban da hawa mota. Ta ajiye aikinta. Yarinyar da tun tana rarrafe ba ta san zama ba, sai ga ta tana kallon silin daga safe har yamma. A waya ma kana jin muryarta ta dushe.

Ana nan sai ta samu wani kamfani na ƙasar waje da ke ɗaukar mutane su yi aiki daga ɗakinsu. Amma ba sa ɗaukar mutum sai sun gwada shi. Suka ba ta aiki guda, suka yanka mata wa'adi. In ya yi kyau an ɗauke ta, in bai yi ba akwai masu jira a bayanta. A halin da take ciki kuwa, ba ta da wata ƙofar sai wannan.

Sai ga wayarta wata safiya.

"Baba, tarkacen nan na bayan shago, ka sayar?"

"Wane tarkace? Jarin nawa kike kira tarkace?"

"Allah ya ba ka haƙuri. Jarin. Yana nan?"

"Yana nan, ɓeraye na gadinsa."

"Alhamdu lillahi. To na ɗauke ka aiki."

Ta yi mini bayani, ga abin da kaina ya iya riƙewa. Idan ka kunna kwamfuta, akwai wani ɗan ƙaramin abu a cikinta da ke riga kowa tashi, butloda suke ce masa. Aikinsa ya je ya nemo faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, ya ɗauko abin da ke ciki ya tashi sauran. Amma ba ya shiga wurin faifai kai tsaye. Akwai mai tsaron ƙofa, kwantirola, kuma kowane iri da yaren da yake ji. In butloda bai iya yaren ba, sai ya juyo ya ce gidan nan babu faifai, alhali faifai na ciki a zaune. To aikin da aka ba ta shi ne ta koya wa butlodan kamfanin yaren wasu tsofaffin masu tsaron ƙofa, har ya riƙa gano faifan da ke bayansu. Wannan darasin da take rubuta masa direba suke kiransa. Ban tambayi dalili ba.

Na ce, "Wato tafinta za ki yi musu."

Ta ce, "To, kusan haka dai, Baba."

Ita sabuwar laftof gare ta, babu irin waɗannan tsofaffin a cikinta, a Gombe ma ta nema ta rasa. Ni kuwa ga su a bayan shago sun yi mini yawa. Ita za ta rubuta, ni in gwada in gaya mata abin da na gani.

Shagon da ke jikin nawa na wata Madam ne, 'yar Kudancin Kaduna, ta yi ritaya daga aikin buga takardu ta buɗe wurin fotokofi. Mun yi shekaru muna faɗa a kan wa ya watsa ruwa a gaban shagon wa. Alhaji take ce mini, alhali ta san sarai ko filin jirgi ban taɓa leƙawa ba. Wayata irin mai tocila ce, don haka wurin Madam Uwata ke turo abin, ita ta zuba a filash ta miƙo mini. In an ɗauke wuta kuma, wayar janaretanta nake jawowa ta taga.

Da yake ta san karatun ubanta, Uwata ta sauƙaƙa mini. Ta sa idan butloda ya ga faifai, allo ya nuna kore. In bai gani ba, ja. Nawa kawai in soka filash, in kunna, in kira ta in faɗi launi.

Makonnin farko ja ne ko'ina. Kowace safiya in hau adaidaita daga Babban Giji, in buɗe shago, in jawo allo ɗaya tilo da ke aiki in bi kwamfutocin da shi ɗaya bayan ɗaya, in kira ta in ce ja. Sai ta ce "to." Wannan "to" ɗin nata, jama'a, ɗan ƙarami ne, amma sai ya wuni a ƙirjina.

Ana cikin haka aka kwantar da ita asibiti na ɗan lokaci. Matata ta je ta dubo ta, ta dawo ta same ni ina cin tuwo.

"Malam, kai dai ba ka da wani gaisuwa sai ja? Yarinya na fama da kanta, kullum ka kira ta da sassafe ka ɓata mata wuni. A ina aka taɓa yin haka?"

Kuma gaskiyarta ne. Mu ba haka aka tashe mu ba. Ba a aika wa na nesa da mugun labari a buɗe, balle mai ciki. Ranar da mahaifina ya rasu a ƙauye, wanda aka aiko cewa ya yi da ni jikin ya ɗan matsa, in zo. Har magani na tsaya na saya a tasha. Ban taɓa jin haushinsa ba, don da ya faɗa mini a nan, ban san yadda zan kai gida ba. Marar lafiya ko yana kan gargara, in an tambaye ka, da sauƙi za ka ce. Tarbiyya ce, ba ƙarya ba.

Da ta fito daga asibiti ta turo sabo. Na soka, na kunna. Ja. Haushi ya kama ni, na dangwari ɗan ƙaramin maɓallin da ke ƙasan babban maɓallin kunnawa, wanda ke sa kwamfuta ta sake tashi ba tare da an kashe ta ba. Allo ya yi baƙi, ya dawo.

Kore.

Na murza ido. Na koma ta gaba: ja, na danna ƙaramin, kore. Ta gabanta ma haka. Har na kai ƙarshen layi.

Na zauna a kan wani fankon firinta na yi nazari irin na masana. Babur ɗina na da, sai an buga masa kik na biyu yake tashi, ban taɓa cewa ya lalace ba. Fankar shagona sai na tura ta da sanda take juyawa, kuma fanka ce. Tsohon abu ba ya amsawa a kiran farko, ni kaina shaida ne. To kwamfutar da ta ga faifanta a karo na biyu, ai ta gani. Na ɗauki waya.

"Uwata, kore."

"Wacce, Baba?"

"Duka."

"Duka? Baba, da gaske? Duka duka?"

Na ji ta ƙwala wa mijinta kira. Rabon da in ji wannan muryar tun kafin aurenta. Ranar har tsire na saya wa matata.

Daga nan aiki ya miƙe. Kullum ta turo gyara, kullum in danna ƙaramin, kullum kore. Wata rana Madam ta leƙo karɓar filash ɗinta ta tsaya tana kallona.

"Alhaji, wannan da kake dannawa fa?"

"Sirrin sana'a ne, Madam."

"Ka gaya wa yarinyar?"

"Ke dai ki ji da takardunki, ga mutane can na jiranki."

"Ni dai na ga ja da idona."

"Ja ɗin wucewa yake yi. Ba zama ya zo yi ba."

Ta taɓe baki ta tafi. Uwata kuwa ta tattara aikinta ta miƙa wa kamfani, ta rubuta musu cewa an gwada a kan tsofaffin kwamfutoci iri-iri, duka sun ga faifansu.

Ba a daɗe ba suka amsa. Sun gwada a nasu tsofaffin, ko ɗaya ba ta gani ba.

Ina cikin ciniki da wani ɗan adaidaita a kan rediyo wayar ta shigo. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini.

"Baba, ina wuni. Don Allah faɗa mini duk abin da kake yi, tun daga buɗe shago."

"In buɗe, in share, in soka filash, in kunna."

"Sai kore ya fito?"

"Yana fitowa."

"Nan take?"

"To, wani lokacin sai an ɗan taimaka masa."

"Da me?"

"Da ƙaramin maɓallin."

"Kafin ka danna, wane launi ne?"

Na dubi ɗan adaidaita, ya dube ni. Na ce, "Ja-ja haka."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar tsire."

Ba ta san ranar tsire ba, amma ta gane. Can ta ce, "Baba, me ya sa?"

"Babarki ta ce kada a tayar miki da hankali. Kuma ai yana gani, Uwata. Jinkiri ne kawai irin na manya."

"Baba, wanda zai kunna kwamfutar nan a wata ƙasa, ba shi da kai a gefensa."

Ta ce za ta kira ni, ta kashe. Rediyon ma ban sayar ba.

Daga baya ta bayyana mini inda matsalar take, ita ta gano abinta. Tsohon faifai in an kunna shi daga sanyi, sai ya ɗauki lokaci kafin ya fara juyawa sosai. Butlodanta kuwa gaggawa gare shi, yana yin sallama sau ɗaya, in ba a amsa ba ya juya. Idan na danna ƙaramin, faifan ya riga ya farka, shi ya sa yake amsawa. Da tun ranar farko na ce mata ja sannan kore, da ta gyara shi a zama ɗaya. Yanzu kuwa wa'adi ya kusa cika, kuma ta riga ta faɗa wa mutane abin da ba haka ba.

Madam ce ta gaya mini sauran. Wai da Uwata ta rubuta wa kamfanin ba ta ambaci kowa ba. Cewa ta yi gwajinta ne bai yi daidai ba, laifinta ne, tana roƙon a ƙara mata lokaci. Suka ƙara mata kaɗan, suka ce daga shi babu wani.

"Ka ga 'yar halak," in ji Madam. "Ta rufa maka asiri a gaban Turawa."

"Turawan sun san ni ne?"

"Da sun san ka da ba su ƙara ba."

Sai aka kafa mini sababbin dokoki. A kashe kwamfuta, a zare waya daga bango, a jira har faifai ya yi tsit ya huce, sannan a kunna. Sau ɗaya. Launin da ya fara fitowa shi ne launi. Ƙaramin maɓalli haramun. Abin da ya fi ci mini rai, Uwata ta naɗa mini sufeto. Madam za ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu, in na faɗi launi a waya ita ma ta karɓa ta maimaita. Da furfurata, a cikin shagona.

Wannan lokacin ne na gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Zafi ake yi, bayan shagon ba iska, hayaƙin janareta na shigowa ta taga. Allo ɗaya, in ɗauke shi daga wannan in kai wancan, in durƙusa in lalubi rami a bayan akwati, in miƙe da ƙyar. Jiran hucewar nan ya fi komai cin rai: kana zaune kana kallon ƙarfe, mai sayen fanka ya zo ya yi sallama ya gaji ya wuce. Wata rana ta turo gyara da safe, ta sake turo wani kafin azahar, wani bayan la'asar. Ta koya wa butloda haƙuri, ya riƙa jira yana sake sallama. Wasu suka koma kore. Wasu suka ga faifai ɗaya suka manta da na biyu. Wata ta nuna kore alhali na cire mata faifan gaba ɗaya, wannan har Madam sai da ta zauna don dariya. Kowane ja kuma sai na faɗe shi da bakina, in ji wannan "to" ɗin. Ban saba ba. Kowane ɗaya sabo ne.

Ranar ƙarshe ta faɗo Lahadi. Madam ta tafi coci, ta bar mini filash da mukullin janareta tun ranar Asabar, ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah." Matata kuma kafin in fito ta tare ni a ƙofa: ƙafafun yarinyar sun kumbura, jininta ya hau, in san abin da zan faɗa mata.

Layin shiru, shaguna a rufe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, yadda aka ce. Kore. Kore. Kore. Har na fara jin yunwa don murna. Saura wata baƙa mai nauyin tsiya da ke can ƙurya, wadda a makon nan yau ta gani gobe ta ƙi. Na jona ta, na yi bisimilla, na kunna.

Ja.

Babu kowa. Na san in na taɓa ƙaramin nan kore zai fito, in kira ta in ce duka, kuma ban yi ƙarya ba a lissafina na da. Kwamfuta ɗaya ce cikin tuli. Wataƙila ma Turawan ba su da irinta. Yatsana ya je har kan maɓallin, na ji santsinsa. Na daɗe a haka, janareta na ta shan man Madam.

Na kira ta.

"Uwata, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Maigidan naki yana kusa?"

"Baba. Wane launi?"

"Duka kore." Na dubi ƙuryar. "Ban da baƙar nan."

"Ja?"

"Ja."

"Ka danna ƙaramin?"

"Ban danna ba. Yatsana dai ya je ya gaishe shi ya dawo."

Na ji wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba, har yau kuma ban tambaya ba. Sai ta ce in buɗe akwatin, in nemi wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu kusa da inda wayar faifai ta shiga, in karanto mata rubutun kansa. Na sa tabarau, na haska da tocilar wayar, ina karantawa ina mayar da ita kunne, harafi ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. Ta maimaita, na gyara, ta sake maimaitawa.

"Yawwa. Zan rubuta musu ya yi aiki a kan sauran, wannan irin ne bai yi ba tukuna, ga lambarsa."

"Ba za su ƙi ki ba?"

"Suna iya ƙi. Allah ya saka da alheri, Baba."

"Da na yi me?"

"Da ka gaya mini."

Na kashe janareta, na zauna a ƙofar shago har Madam ta dawo da ɗankwalinta na coci. Ta dubi fuskata ta shige shagonta. Ruwan sanyi ta kawo mini, karo na farko a tarihin maƙwabtakarmu.

Sun ɗauke ta. Ba a matsayin da ta so ba, na wucin gadi suka fara ba ta, sai daga baya ya zauna. Ta sauka lafiya, namiji. Ni kuwa na ce alhamdu lillahi, na huta, har na yi magana da ɗan jari-bola ya zo da sikelinsa. Sai ga waya.

"Baba, sun ba ni aikina na farko."

"Madalla. Wane iri?"

"Sun ce tunda ni na gano baƙar nan, ni zan gyara ta."

"To ai tana shagona."

"Shi ya sa na kira ka."

Damina guda muka yi a kanta.

Har yau in an zauna ba na yarda a ce tarbiyyar da aka yi mana kuskure ce. Akwai labarin da in ka sauke wa mutum shi gaba ɗaya, ka karya shi. Sai dai na gane wanda ke aiki da abin da ka gaya masa, kamar mai tafiya ne da fitilarka: in ka rufe ta don kada ya ga rami, bai fasa faɗawa ba. Kuma sau da yawa, in na duba da kyau, ba shi nake tausaya wa ba, kunnena nake karewa daga jin "to."

Abin da ya fi ba ni takaici, Madam ta baza labarin a layi. Yanzu in za a gaya wa wani magana marar daɗi, injinsa ba zai gyaru ba, ko mai shago ya ce ya tashi, ni ake turawa. Wai Alhaji ya iya, ya yi aiki da Turawa. Ban iya ba, jama'a. Gajiya kawai nake kwasowa. Har yanzu in na isa sai na tsaya ina murza hula, in tambayi mutum ko ya ci abinci tukuna.